Shirun Ango A Jirgin Baba

Wallahi na san ba za ku yarda ba. Ni kaina da na ƙulla abin, in na zauna ina tunawa sai in ce, anya kuwa? Amma ku je unguwarmu ta bakin teku a Jizan ku tambayi Akil ɗan Abkar. Ƙaramin yaro ma zai nuna muku ni, ya ce, “Ga shi can, wanda ya ɗinke bakin mai digiri ba allura ba zare.” Ni ne. A aji biyu na sakandare na ajiye biro, ba don kwanya ta gaza ba, a'a, na dai lura malaman sun ƙarar da abin da suka sani ne.

Abin ya faro a falonmu, wata rana bayan la'asar. Baba na kishingiɗe da ɗan kofin gahawa. Umma na jera farin furen ful a zare, za ta ɗaura wa ƙanwata Wijdan a gashi. Gwaggo Matara, yayar Baba, tana zaune bakin taga inda take ganin mai shiga da mai fita. Ita a duniya sana'arta ɗaya ce, zargi. Ni kuwa ina kwance a kan kafet ina latsa waya, ban tsokani kowa ba.

An riga an ɗaura auren Wijdan da Mufarrih, tarewa ce ta rage sai bayan hutu. Mufarrih ɗan duwatsun Faifa ne, yana da kantin magani a cikin gari. Nan Wijdan ta riƙa zuwa karɓo wa Umma maganin hawan jini, har ta kai magani bai ƙare ba sai ta ce ya ƙare.

Baba ya kurɓi gahawa ya lumshe ido. “Ta gonarsu ce wannan. Yaro ya yi karatu, ya buɗe kanti, bai kuma raina gonar ubansa ba. Akil, kana ji?”

“Ina ji, Baba.”

“Ba ka ji. Da kana ji, da ba a kwance kake ba kamar kifin da aka shanya.”

Wijdan ta ƙunshe dariya. Na gan ta. Na kuma ajiye a raina.

Gwaggo ta taɓe baki. “Ni dai ɗan dutse bai kwanta min ba. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na randa ba, me zai yi da 'yar teku? Kai Abkar, ka bincika kuwa? Mutanen sama ɗin nan, sai su ajiye mace can bayan gajimare ba wanda ya sani!”

“Haba Gwaggo, filis!” in ji Wijdan. “Me ya yi miki?”

“Bai yi min komai ba. Shi ya sa ma nake tsoronsa.”

Baba ya ajiye kofi. “To kowa zai gan shi da idonsa. Bana da shi za mu fita hutu. A cikin jirgi ba kanti, ba turare, ba inda mutum zai ɓoye halinsa.”

Duk shekara in zafi ya sassauta mukan tsallaka tsibirin Farasan mu hau tsohon jirgin katako na kakanmu, wanda Baba ke lallaɓawa fiye da yadda ya taɓa lallaɓa ni. Da injinsa, amma Baba ba ya tayar da shi sai in iska ta ƙi; shi dai a ɗaga ƙyalle iska ta tura. Mu yi ta yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan, mu kama kifi, mu ƙare a wanda muke kira Tsibirin Kaka, inda kangon gidan kakanmu yake da rijiyarsa.

Ranar tashi muna lodin kaya a bakin gaɓa — jarkokin ruwa, buhun shinkafa, kwalin mangwaro — sai Mufarrih ya jawo ni gefe. Dogo ne siriri mai tabarau, ga ɗan reshen ganyen ƙamshi maƙale a kunne irin na mutanensu.

“Akil, ɗan'uwa, ka rufa min asiri. Mu a dutse suruki na da dokoki, wanda ya karya ɗaya sai an ba jikokinsa labari. Na san ku ma mutanen teku kuna da naku. Faɗa min su, kada in yi abin kunya gaban Ammi.” Haka yake kiran Baba.

Ku faɗa min tsakani da Allah: mutum ya kawo kansa har gida, ya durƙusa, ya miƙo wuya. Laifina ne?

Na waiga dama da hagu, na sassauta murya. “Wijdan ba ta gaya maka ba? Af, ai ba za ta gaya maka ba, an hana ta. Sunansa shirun ango. Daga lokacin da ƙafarka ta hau jirgi, ba kai ba magana da kowa a dangin amarya — Baba, Umma, Gwaggo, har ita amaryar — sai ƙafar nan ta taka yashin Tsibirin Kaka.”

“Har Wijdan?”

“Ita ce ma kan gaba! Ba magana, ba saƙon waya, ba rubutu. Sallama ka amsa da leɓe. Abinci kuma ba ka ci tire ɗaya da Baba; ɗebi naka ka juya baya ka fuskanci ruwa. Ni kaɗai aka yarda ka yi wa magana, don ni ne wakilinka.”

“In suka tambaye ni dalili fa?”

“Yawwa, nan gwajin yake! Za su yi kamar ba su san komai ba. Za su ɓata rai, Gwaggo za ta zage ka, Wijdan ma tana iya yin kuka. Duk shiri ne, so ake a ga ko kana da haƙurin riƙe 'yar mutane. In suka matsa, kai dai yi murmushi. Amma ka buɗe baki kafin tsibirin nan, to shi ke nan, auren ya tashi.”

Ya hango Wijdan can tana kokawa da mayafinta, iska na neman ƙwacewa. Ya ce, “Don ita, ko shekara aka ce zan yi.”

Niyyata, wallahi, zuwa azahar ne kawai. A yi dariya a wuce.

Baba da kansa ya tsaya bakin katakon hawa ya miƙa masa hannu. “Marhaba da ɗana! Yaya ka ga jirgin namu?”

Mufarrih ya dafe ƙirji, ya rusuna, ya yi murmushi.

“Na ce yaya ka ga jirgin?”

Murmushi.

Baba ya dube ni. Na ɗaga kafaɗa na ci gaba da naɗe igiya, cikina kamar ya fashe.

Aka ɗaga ƙyalle, iska ta cika shi, gaɓa ta fara ja da baya. Da rana ta take, Umma ta sauke shinkafarta da kifi, wadda take soya albasa har ta yi baƙi-baƙi kafin ta zuba, abincin da duk unguwarmu ke jin ƙamshinsa su haɗiye yawu. Baba ya matsa ya yi wa surukinsa wuri kusa da shi, har da tura masa kan kifin. Mufarrih ya ɗebi nasa a ɗan faranti, ya tashi, ya je gefe ya ba mu ƙeya.

Tsit! Ba ka jin komai sai ruwa na marin katako.

Abin da ni ma ban shirya ba, teku ta shirya min: yana yin loma ta uku jiri ya kwashe shi, ya leƙa waje ya mayar da komai.

“Kun gani?” Gwaggo ta buga cinya. “Ƙyamar abincinmu yake! Ƙarnin kifi muke yi masa!”

“Haba Yaya,” in ji Umma, “jirin ruwa ne. Wataƙila maƙogwaronsa ma ya kama, shi ya sa ba ya magana. Wijdan, dafa masa citta.”

Maganar maƙogwaro ta riƙe mutane har magariba. Baba ya ja mu salla a kan jirgi, yana kai ƙarshen Fatiha sai muka ji daga bayansa an ce “AAMIIN!” da muryar da ta tashi tsuntsayen da ke kan ginshiƙin ƙyalle. Mutum ya wuni da magana a ciki, ya samu ƙofa ɗaya.

Ana sallamewa Gwaggo ta leƙo daga sahun mata. “Maƙogwaro, ko? Gaban Allah yana da baki. Mu ne ba mu kai ba.”

A nan ya kamata in tsaya. Amma ku gane, mai gwaninta irina ba ya ganin aikinsa na tafiya haka sumul ya katse shi.

Kwanakin da suka biyo baya, ban taɓa ganin hutu mai kyau da muni irinsa ba. Ruwa shuɗi garau, kana hango kifaye masu launi suna yawo a ƙasa kamar an zuba su a kwalba. Mu sauka wannan tsibiri mai farin yashi, mu ratsa wancan ta cikin itatuwan da ke tsiro a ruwa, kunkurun teku na ɗago kai yana kallonmu. Amma a cikin jirgi kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido. Mufarrih shi ne farkon mai jan anka, shi ne mai wanke tukwane da yashi, in Umma za ta sauka shi ke riƙe mata tsani. Aikin da aka sa ni duk ya ɗauke min. Sai dai a ce “sannu” ya yi murmushi, a ce “me ke damunka?” ya yi murmushi.

Gwaggo kuwa ta samu abin yi. Da safe ta ce asiri aka yi masa. Da hantsi ta ce girman kai ne na masu digiri. Da ta lura duk tsibirin da muka sauka sai ya hau tudu ya sa hannu a goshi yana hangen nesa, sai ta yanke hukunci.

“Dutsensu yake hange. Akwai wata a can! 'Yar baffansa ce, na rantse, irin waɗanda ake yi wa kamu tun suna zanen goyo. So yake mu gaji mu ce ya sake ta, ya ce ba shi ya nema ba.”

Bawan Allah Tsibirin Kaka yake nema. Kullum sai ya ja ni bayan jarkoki ya raɗa min, “Wakili, ya nake yi? Ina ƙoƙari?”

“Kana ƙoƙari. Amma murmushin nan ka ƙara faɗaɗa shi, Baba na son ganin haƙora.”

Gwaggo ta ritsa ni ina fitowa. “Kai, mara aikin yi, me yake raɗa maka?”

“Sirrin maza ne, Gwaggo.”

“Sirri! Kun ji ko? Har da sirri!”

Wata safiya muna tafe iska na kaɗawa a hankali, Wijdan ta same shi a goshin jirgi yana zaune shi kaɗai. Ina bayan ƙyalle ina yi kamar ina gyaran ƙulli.

“Mufarrih,” ta ce, murya ƙasa-ƙasa. “Dube ni. In wani abu na yi maka, sori, ka yafe min. In Gwaggo ce, haka take da kowa, ni ma ba ta bar ni ba. Kalma ɗaya kawai nake so. Ko sunana ne ka kira.”

Ya dube ta.

“Kai ne fa kake kira na a waya har cajina ya ƙare. Yau ga ni ga ka, ka rasa abin cewa? Ana can ana ce min akwai wata. Ni ban yarda ba. Amma ka taimake ni mana, ni kaɗai nake tare maka faɗa!”

Hawaye ya zubo mata. Shi ma idonsa ya cika. Ya zare reshen ganyen nan daga kunnensa, ya riga ya bushe don gishirin iska, ya sa mata a tafin hannu ya rufe da nasa. Sannan — Allah Sarki — ya tuna umarnin wakili, ya yi mata murmushi har da haƙora.

Ta fizge hannu ta taso. Sai ga ni a gabanta.

Ta tsaya tana kallona. Wijdan ta san ni tun ina sa mata ƙaguwa a takalmin makaranta.

“Akil. Me ka yi?”

“Ni? Ni da ba na ji, kifin da aka shanya? Ina ni ina juya mai digiri?”

Ta kama hannun rigata ta ja ni gabansa. “Mufarrih, Akil ne ya ce maka wani abu? Ba sai ka yi magana ba, gyaɗa kai kawai.”

Gabana ya faɗi. Amma na riga na gina abin da kyau: a zatonsa wannan ma tarko ne cikin gwajin. Bai gyaɗa ba, bai girgiza ba, ya kafa wa ruwa ido.

Ta sake ni. Ta tafi ta zauna kusa da Umma ta kifa kai a cinyarta, reshen nan na dunƙule a hannunta.

To daga nan dariyar ta fara ɗaci. Na dubi fuskar Baba na ga ta yi irin duhun da take yi kafin hadari, na san in na buɗe baki yanzu, kifayen teku za su yi abincin dare da ni. Sai na yi lissafi irin na masu basira: saura kaɗan mu isa tsibirin, yana taka yashi zai yi magana, kowa ya huce, ni kuma kafin a gama murna na ɓace cikin kangon Kaka. Na riƙa addu'ar iska.

Abin da ya kwance min lissafi, na manta gidanmu na da tasa al'adar, ta gaskiya.

Da hantsi Tsibirin Kaka ya bayyana, ga bishiyoyin dabinon nan biyu-uku, ga farin bangon kango. Muka matso har ana hango bakin rijiya. Sai Baba ya gyara murya ya ce kowa ya taru a bayan jirgi. Ya kamo hannun Mufarrih ya ɗora a kan sandar tuƙi, ya ɗora nasa a kai.

“A daidai nan,” in ji Baba, “ubana ya ɗora hannun mijin Matara a kan sandar nan, Allah ya jiƙansu duka. Duk wanda ya auri 'yar gidan nan, shi ke shigar da jirgi gida. Abin da ya wuce a tafiyar nan na yafe, ban ma son jin dalili. Tambaya ɗaya zan yi maka. Na ba ka amanar Wijdan. Ka karɓa?”

Mufarrih ya dubi tsibirin. Ya dube ni. Na dubi sama.

“Na ce ka karɓa?”

Gumi ya karyo masa. Ya dafe ƙirji da ɗaya hannun, ya rusuna.

“Ba rusuno na tambaye ka ba. Da baki ake karɓar amana. Mufarrih, karo na ƙarshe: ka karɓi 'yata?”

Ya yi murmushi. Wallahi irin murmushin da ke sa mutum kuka ne, amma Baba haƙora kawai ya gani.

Baba ya cire hannunsa daga sandar, a hankali, kamar mai cire ƙaya. “Akil, sauke ƙyalle. Ta da inji. Ƙafar wannan ba za ta taka ƙasar ubana ba. Muna isa Farasan ka sawwaƙe wa 'yata.”

“Alhamdu lillahi!” in ji Gwaggo. “Tun a falo na faɗa!”

Wijdan ta zube a gaban Baba ta riƙe ƙafarsa. “Baba, don Allah! Na san mutumin nan. Wanda ba ya so na ba zai wanke tukwanen Umma ba, ba zai yi ta amai yana jan anka ba. Akwai dalili. Ban san shi ba, amma akwai! Ka yi min haƙuri kaɗan, Baba!”

“Abu Akil,” in ji Umma tana duban Baba, “ka saurari yarinyar nan.”

“Na saurari shirunsa ya ishe ni. Akil! Ba ka ji ba ne?”

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, na rantse na buɗe. Sai Baba ya watso min wani kallo, na ji ƙafafuna sun kai ni wajen inji da kansu.

Inji ya ɗauka. Goshin jirgi ya fara juyawa, tsibirin ya koma gefe, ya fara komawa baya. Mufarrih na tsaye yana kallon yashin nan na nisa da shi. Sai na ga ya tuɓe takalmansa ya jera su. Ya cire tabarau ya sa a hannun Wijdan. Ya taka gefen jirgi.

Tsundum!

“Ya faɗa! Wayyo, bai iya ruwa ba!” Wijdan ta ƙwalla ƙara.

Kafin in kashe inji Baba ya riga ya bi shi, da rigarsa da komai. Tsoho ne, amma ɗan masu nutso ne. Ya cafko shi ta ƙeya yana jan sa wajen jirgi, shi kuwa Mufarrih yana shan ruwa yana harbe-harbe yana jan Baba wajen tsibiri. Suka yi ta kokawa, Baba na zagi, shi yana tari. Da Baba ya ga za su nutse tare, sai ya bi shi yadda yake so. Can sai na ga sun daina iyo, ruwa ya tsaya musu a wuya.

Mufarrih ya ɗago kai, ya juyo wajen jirgi, ya kware murya:

“AKIL! WAKILI! YASHIN ƘARƘASHIN RUWA YA HALATTA, KO SAI BUSASSHE?”

Duk idon da ke jirgin ya juyo kaina. Na Baba ma, daga cikin ruwa.

“Ya… ya halatta,” na ce.

Bai yarda da ni ba — karo na farko da ya yi wayo. Ya ci gaba da turawa, ya rarrafa, ya fita har inda yashi ke ƙona ƙafa, ya durƙusa. Sannan bakin ya ɓalle.

“Na karɓa, Ammi! Na karɓa! Na karɓa! Jirginka ya yi kyau, tun ranar farko nake son in faɗa! Umma, shinkafarki ban taɓa cin irinta ba, cikina ne ya ci amanata! Gwaggo, wallahi ba wata a dutse sai mahaifiyata da awakinta! Wijdan! Wijdan! Kin ce in kira sunanki, ga shi nan — Wijdan!”

Na jefa anka, muka sauko da mata a ƙaramin kwalekwale. Wijdan ba ta jira ya tsaya ba, ta dira cikin ruwa da abayarta ta ruga.

Baba na tsaye a kansa ruwa na ɗiga daga gemunsa. “Kai, wane irin hauka ne wannan? Ka kusa kashe mu!”

“Ka gafarce ni, Ammi. Na ga in jirgi ya juya ba zan taka yashin ba, in ban taka ba ba ni da bakin karɓa. Na ci gwajin? Shirun ango ya cika? Ban faɗi ba kamar mijin Gwaggo na farko?”

Wannan ɗin na manta ban gaya muku ba. Na ƙara masa shi ne don armashi.

“Mijina na me?” Gwaggo ta dafe ƙirji. “Ni Matara? Miji ɗaya na yi a duniya, Allah ya jiƙansa! Wane la'ananne—”

Ba ta ƙarasa ba. Ta juyo. Kowa ya juyo. Na waiga bayana ko akwai wani, ba kowa sai teku. Tsibiri kuma, in ba ku sani ba, ba shi da ƙofar baya.

Aka zauna a inuwar kango aka warware zance tun daga bakin gaɓa. Baba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tashi ya ɗago Mufarrih ya sumbaci goshinsa.

“Ɗana, ka yafe min. Ka sha zagi, ka sha yunwa, ka shiga ruwan da ba ka iya ba, duk don kada ka rasa 'yata. Ni kuwa na ga abin da ban gane ba, maimakon in bincika sai na yanke hukunci.”

Umma ta share ido da gefen mayafi. “Ku duba ku gani, mu manya duka zargi ya rufe mana ido, yarinya ƙarama ce ta riƙe kyakkyawan zato, ita ma ba ta san dalili ba. Da ta biye mana, da yau mun raba auren da ba shi da laifin komai. Wanda ya yi haƙuri da wanda ya yarda da masoyinsa, ga shi Allah bai kunyata su ba. Zargi kuwa ko a gidan da ake zaman lafiya ya shiga, sai ya nemi abin rushewa.”

Gwaggo ta yi gyaran murya, ta tura wa Mufarrih kwanon dabino ba ta dube shi ba. “Ci. Ka rame. Ni dama tun farko na ce yaron nan yana da kunya.”

Wijdan ta sa masa tabaraunsa da hannunta, tana dariya tana kuka. Ni ma na yi 'yar dariya, don a tafi tare.

“Kai kuma,” in ji Baba.

Ya fara kwance igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa. Sai Mufarrih ya riƙe masa hannu. “Ammi, don Allah kada ka taɓa shi. Wakilina ne.”

Na ji sanyi a raina. Na ce lallai ilimi na gyara mutum.

“Alfarma ɗaya nake nema,” ya ci gaba. “A ba ni aronsa. Kafin biki ana bukatar ɗan'uwan amarya ya hau dutse ya zauna da danginmu, lokacin tsinkar gahawa ne kuma. Yayyena na nan, ƙarti ne, suna son baƙo.”

“Na ba ka shi,” in ji Baba. “Har sai ka gaji.”

Mufarrih ya matso ya dafa kafaɗata. “Kada ka damu, ɗan'uwa. Mu a dutse wan amarya na da dokoki masu yawa. Zan faɗa maka su ɗaya bayan ɗaya, don kada ka yi abin kunya.”

Yanzu haka daga Faifa nake ba ku labarin nan, a tsaye kan matakalar dutse, da buhun gahawa a gefena da za a kai gidan da ke can saman gajimare. Sun ce wan amarya ba ya hawa mota. Sun ce ba ya zama kafin akuyar gida ta kwanta. Yau da safe babban wansu ya ce gobe akwai wata al'ada da ta shafi amyar zuma, wai ba a sa riga.

Wanne ne gaskiya, wanne ne ƙarya, ban sani ba. Na tambayi Mufarrih. Ya dafe ƙirji, ya rusuna, bai ce min komai ba.